Yaron da Ba Shi da Kati Tukuna

Ranar Lahadin da Rudy Sabol ya yi masa ƙarya a kan tebur, Emil Hudak bai tona shi ba. Ya tattara katunansa, ya ɗaure su da roba, ya hau matakala yana dafa bango, ya bar farantin pirogi, ƙulle-ƙullen fulawar nan masu cushe, da matar Gino ta zubo masa ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Su takwas ne, duk tsofaffin ma'aikatan masana'antar ƙarfen nan da aka rufe tun 'ya'yansu na firamare. Shekara da shekaru, duk Lahadi in an taso daga coci, sai su gangara ɗakin ƙasa na gidan Gino Petrella su buga besbol a kan tebur. Kowa da ƙungiyarsa. 'Yan wasan na gaske ne, waɗannan da ake gani a talabijin, sai dai a nan kowanensu kati ne. Duk lokacin sanyi kamfani yakan bugo sababbi gwargwadon abin da kowane ɗan wasa ya taɓuka a fili a shekarar da ta wuce. Ka jefa 'ya'yan lido uku, ka duba lambar da ta fito a jikin katin, shi zai gaya maka ko mai bugu ya cilla ƙwallo bayan katanga ko kuwa an fitar da shi. Matansu suna ce masa wasan yara. To, a kan wasan yaran nan an yi gaba ta wata da watanni, kuma uku daga cikin waɗanda suka kafa shi da hular ƙungiyarsu aka binne su.

Abin da ya faru ran nan kuwa, zagayen ƙarshe ne, Maƙera, wato ƙungiyar Emil, suna gaba da ci ɗaya tal, Hankaki kuma, ƙungiyar Rudy, suna da mutum biyu a kan zango, wato matsayan da mai gudu ke zagayawa kafin ya ci. Rudy ya jefa, ya leƙa katin mai bugunsa, ya danne wurin da babban yatsa, ya ce an cafe ƙwallo, wasa ya tashi. Ya manta cewa duk shekara Emil ne ke zama da almakashi ya yanyanka katunan daga takardun kamfani, kuma babu katin da ke ɗakin nan da bai sani ba kamar yunwar cikinsa. Lambar nan a jikin katin nan bayan katanga ce. Rudy ne ya ci wasan, ya ɗauka ya miƙa masa kamar sadaka.

Da wani ne ma da sauƙi. Amma Rudy, wanda tun suna samari a bakin tanderu bai taɓa raga masa ko da loma ɗaya ba! Akwai abin da ba a yi a besbol, ko a fili ko a tebur: in ka yi wa mutum fintinkau, ba ka ƙara masa da satar zango, ka sa mai gudunka ya sulale zuwa zango na gaba alhali ba ka da bukata. Wannan cin fuska ne tsagwaronsa. Rudy ya taɓa yi wa Emil haka yana gaba da ci tara, kuma ita ce gabar nan da aka daɗe ana labari. Da aka zo sulhu ko haƙuri bai bayar ba. Cewa ya yi shi bai yarda da Emil ba ko da ci ashirin ne, don muddin da sauran jifa ɗaya ɗan neman nan zai iya dawowa. Emil ya zage shi tas a gaban kowa, amma a ransa bai taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Tun bayan bikin Ista aka san abin da ke cikin Emil. Ciwon daji ne, ya kama hanta, kuma likita ya gaya wa 'yarsa Bernadette cewa duk abin da baba ke son yi, a bar shi ya yi bana. Emil bai ɓoye wa kowa ba. Ya faɗa musu a kan tebur, tsakanin wasa da wasa, ya ce a ci gaba. Daga ranar ɗakin ya canza masa. Aka daina yi masa shaƙiyanci a kan sanƙonsa. Aka daina ce wa Maƙera gidan gajiyayyu. In ya jefa lamba mummuna, maimakon a sheƙe da dariya sai kowa ya sunkuyar da kai kamar an shigo da gawa. Shi kuwa abin da ke kawo shi ɗakin nan ke nan, a ci masa fuska ya rama, ya koma gida ransa fes.

Kofin gasar ba kofi ba ne, wata tsohuwar kular abinci ce ta ƙarfe irin wadda suke zuwa da ita aiki, duk ta lotse. Wanda ya ci shekara sai ya karce sunansa a jikinta da ƙusa, ya tafi da ita gida har zagayowar shekara, sai dai ya kawo ta ranar zaɓe da ranar buɗe gasa. Sunan Rudy ya fito sau da yawa har ya fara hawa murfi. Sunan kowa yana nan, har da na matattu. Na Emil ne kaɗai babu, kuma duk wanda ke ɗakin ya san yana son ya ga sunansa a jikin kular nan kamar ransa.

Ba laifinsa ba ne duka. Shi ba ya cikin waɗanda suka kafa gasar, kujerar tsoho Kovalik ya gada. Kovalik da ya ji jikinsa ya fara ba shi labari, sai ya kwashe duk wani matashin ɗan wasa da yake da shi ya musanya da tsofaffin gwanaye masu saura kiris su yi ritaya. Ya ci kula, ya karce sunansa, ya mutu kafin ƙanƙara ta narke. Abin da ya bar wa Emil kango ne. Shekaru Emil ya yi yana lallaɓa katunan da ko a kyauta ba mai so, kuma duk ranar tunawa da matattu in aka ambaci Kovalik a coci, Emil yakan ce amin a fili, ya ƙara da wata kalma a ciki wadda ba ta dace da wurin ba. Ya gina Maƙera sau biyu suka kai gaɓa suka zame. Bana kuma sun sake komawa gindi.

Sai dai zama a gindi yana da riba ɗaya. In sanyi ya yi aka zo ranar zaɓen sababbin 'yan wasa daga ƙananan ƙungiyoyi, na ƙarshe shi ke fara ɗauka. Ga kuma dokar ɗakin Gino wadda ba ta da sassauci: gani ya kori ji. Ba ka ɗaukar yaron da ba ka je da ƙafarka ka gani a filin ƙaramar gasa ba, kuma ranar zaɓe sai ka dire guntun tikitinka a kan tebur kowa ya shaida. Abin takaicin, tausayin da suke masa ya kusa raba shi da wannan ribar ma. Wannan ya bar masa wasa, wancan ya bar masa, har Maƙera suka fara ɗagowa daga gindi. Emil ya lura, ya yi tsaki shi kaɗai, ya ce ko taimakon ma ba su iya ba.

Sannan ga musaya. Gino ya ja shi gefe wata Lahadi yana sosa ƙeya, wai ya gaji da babban mai bugunsa, ko Emil zai karɓe shi ya ba shi kowane ne ma. Mai bugun da Gino ya taɓa rantsuwa cewa gara ya ba da motarsa da ya ba da shi. Wani ya kawo mai jifa, wani ya kawo mai tsaron baya. Lissafin a bayyane yake ko ga makaho: Emil ya ɗauki Halvorsen, sabon mai jifan da kowa ke kwaɗayi, a zaɓe, a haɗa masa da waɗannan kyaututtukan, baɗi kula ta kwana a gidansa. Emil ya ce wa kowa zai yi tunani.

Mako biyu bai yi wa Rudy magana ba. Amma da watan Agusta ya kama, sai ga tsohuwar a-kori-kurar Rudy a ƙofar gida da hantsi kamar kowace shekara, yana danna oda. Bernadette ta haɗa wa uban magungunansa a jaka, ta sa masa filo a kujera, ta ja Rudy gefe ta yi masa gargaɗin kada ya bar shi cikin rana. Emil yana jin su, ya kau da kai.

Halvorsen suka fara zuwa gani, a babban garin da ke da filin ƙungiya ta dab da babbar gasa. Mai jifa ne ɗan shekara ashirin da biyar, dogo, ƙaƙƙarfa. An riga an gwada shi a sama a farkon shekara ya yi abin kirki, ya ɗan ji ciwo a ƙafa, aka sauko da shi ya warware kafin a mayar da shi. Wato katinsa zai fito a sanyin nan, kuma kati ne na a zo a gani. Emil ya zuba masa ido tun daga ɗumin jiki. Babu abin kushewa. Ƙwallon na fita daga hannunsa kamar an harba, ya zo gaban mai bugu ya karye ƙasa, yara suna ta kai wa iska duka. Rudy ya cusa guntun tikitin a aljihun rigarsa, ya ce an gama, saura a jira sanyi. Emil ya ce akwai sauran wuri ɗaya.

Wurin can sama ne bakin kogi, wani ɗan gari da ke da filin katako, inda ake ajiye 'yan ƙasan ƙasa, yaran da ko gemu bai gama fito musu ba. 'Yan kallo ba su cika benci uku ba. Suka sami inuwa ƙarƙashin rumfa, Rudy ya sayo gyaɗa mai ɓawo, ya miƙo wa Emil wadda ya riga ya ɓare masa. Emil ya dubi hannun, ya ɗauki mai ɓawon daga leda ya ɓare da kansa.

Wanda ya zo gani sunansa Osiel Baldera, ɗan shekara goma sha takwas, daga wani ƙauyen masu rake a Jamhuriyar Dominika, mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku. Siriri ne kamar ya karye, rigar ta yi masa yawa. Bugunsa na farko aka fitar da shi da jifa uku. Na biyu ma haka, har hularsa ta faɗi. Rudy ya tofar da ɓawon gyaɗa ya ce in don wannan aka ƙona mai, to an yi asarar mai.

Emil bai kula shi ba. Shi ba bugun yake kallo ba, ƙafafun yaron yake kallo. Kafin kowane jifa Baldera yakan saci kallon yatsun mai cafewa, wanda ke tsugune bayan mai bugu yana yi wa mai jifa alama, ya gane irin jifan da za a yi, ya matsa taku ɗaya hagu ko dama tun ƙwallo bai bar hannu ba. Ba a koya wa ɗan shekara sha takwas wannan a wata ɗaya. A zagaye na huɗu aka bugo wani ƙwallo mai zafi ta gefensa, wanda a ƙa'ida ya wuce. Sai ga shi a wurin. Ya tare, ya juya, ya wurga da dukan ƙarfinsa, ƙwallon ya bi ta saman kan mai tsaron zangon farko ya faɗa cikin benci. Mutum biyu suka ci. 'Yan kallon da ba su da yawa suka yi masa ihu, wani ƙato mai giya a hannu ya ce a mayar da shi gonar rake.

Emil ya gyara zama, don yanzu ne abin da ya kawo shi zai bayyana. Ya sha ganin yara a wannan gaɓar. In sun yi kuskure irin wannan, jifa na gaba sai su lallaɓa shi, su aika shi a hankali kamar mai miƙa ƙwai, don kada a sake yi musu ihu, kuma yaron da ya fara lallaɓa ƙwallo ya gama yawo. Ba a jima ba aka sake bugowa wajensa. Baldera ya tare ya wurga da ƙarfin da ya fi na ɗazu, har ƙarar shigarsa safar hannu ta iso rumfa. An fitar da mai gudu da taku guda.

"Ka gani?" in ji Emil.

"Na ga yaron da sai nan da shekara huɗu zai sami kati, in ma ya samu," in ji Rudy. "Haba Emil. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wannan ko kazar ma bai zama ba."

"Bai raga wa hannunsa ba."

"To sai me? Kai za ka..." Rudy ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Ni zan ga katin? Ba zan gani ba. Ka san haka, na san haka." Emil ya juyo ya dube shi sosai, karo na farko tun ranar nan. "Lambar da ka danne da yatsa, bayan katanga ce. Ni na yanka katin."

Rudy ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa suka yi ja. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi bai san abin da zai yi ba ne, ya zauna yana kallon abokinsa na ramewa a gabansa duk mako, kuma abin da ke hannunsa kawai shi ne wasan banzan nan, to me zai ba shi in ba shi ba.

Emil ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda. Ya ce masa a gida Bernadette na auna masa ruwan sha, a asibiti ana yi masa magana kamar jariri, a coci fada, limaminsu, na riƙe masa hannu ya ƙi saki. Wuri ɗaya ya rage masa a duniya inda shi ba majinyaci ba ne, shi ne ɗakin Gino, kuma sun bi shi har can sun shimfiɗa masa gado.

"Kun binne ni tun ina tafiya da ƙafata, Rudy. Kai ka fara zuba ƙasa."

Suka ƙarasa kallon wasan har aka tashi. A hanyar dawowa Emil ya yi barci, kansa a jikin gilashi, Rudy na tuƙi a hankali yana kauce wa ramuka.

Kada a ɗauka abin ya zo wa Emil da sauƙi. Watannin nan na kaka ya yi su ne yana juya guntayen tikiti biyun a kan teburin kicin. Yana son kular nan. Wani lokaci yakan ji nauyin ƙusar a hannunsa, ya ga inda zai fara harafin farko, ƙasan sunan Rudy na bara. Halvorsen ba sadaka ba ne, haƙƙinsa ne, zama a gindi ya ba shi. In ya ɗauke shi ya ƙi kyaututtukan, wa zai ce ya yi laifi? Amma ya san Maƙera. Mai jifa ɗaya ba zai kai su ko'ina ba, sai an haɗa da musayar nan, sai ya ba da 'yan matasan da ya tara, sai sauran sun riƙa danne lambobi da yatsa har ƙarshen shekara. Sannan wani bawan Allah da bai sani ba, ko ɗan wani ko surukin wani, ya zo ya zauna a kujerarsa ya kwance robar ya tarar da kango. A wannan kakar ce Emil ya fara fahimtar tsoho Kovalik, ya gane tsoron da ya kama shi, har ya daina ƙara kalmar nan bayan amin. Fahimtar ba ta sa ya so ya zama shi ba.

Maƙera suka ƙare a gindi duk da taimakon. Hankaki suka zo na biyu daga ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da Rudy ba, kuma kowa ya san wasannin da ya zubar ne suka kai shi can.

Ranar zaɓe ƙanƙara ta rufe gari. Bernadette ta kawo uban, Gino da wani suka taso za su ɗauko shi a kujera, ya ce duk wanda ya taɓa shi sai ya ga abin da ba ya so. Ya sauko da kansa, taka ɗaya hutu ɗaya. Rigar sanyinsa ta zama kamar ta aro. Aka zauna, kula a tsakiyar tebur, sababbin katuna a gefe, wannan karon Gino ne ya yanka su, duk sun karkace. Katin Halvorsen na sama, wani ma har ya tura shi kusa da hannun Emil.

Gino ya ce Maƙera ke da ɗaukar farko. Emil ya laluba aljihu ya dire guntun tikiti. Ba na babban gari ba ne, ɗan ƙaramin kore ne na filin katako.

"Osiel Baldera."

Aka kalli juna. Yawancinsu ko sunan ba su taɓa ji ba. Gino ya cire tabarau ya ce Emil ya yi wa Allah ya sake tunani, ba a rubuta ba tukuna, ana iya janyewa, kuma maganar musayar nan tana nan daram. Emil ya ce ya gode, kowa ya riƙe kayansa. Ya ce a miƙo masa farin kati. Haka ake yi wa yaron da kamfani bai buga wa kati ba, a rubuta sunansa a farin kwali a sa cikin ɗaurin ƙungiya, ya yi ta jira. Emil ya rubuta sunan da hannunsa, ya sa shi a saman Maƙera.

Gino ya yi ajiyar zuciya ya ce Hankaki. Kowa ya ɗauka Rudy zai tsallake Halvorsen, don a bar ƙofa a buɗe ko Emil zai sauko daga baya. Rudy ya daɗe yana kallon teburin. Sai ya zaro guntun tikitinsa na babban gari ya dire, ya miƙa hannu ya janye katin daga gaban Emil ya sa a nasa. Wani ya ce kai Rudy ba ka da ta ido. Rudy bai ɗago ba. Amma Bernadette da ke tsaye a bakin matakala ta ga gefen bakin ubanta ya motsa.

Wasan buɗe shekara ya faɗo a watan Maris, kuma ƙuri'a ta haɗa Maƙera da Hankaki. A lokacin Emil ya daina cin abin kirki, sai romo cokali biyu uku. Ya dai zo. Rudy ya fito da Halvorsen, ya kuma riƙa ajiye kowane kati a fili a tsakiyar tebur, hannuwansa a gefe, kowa na ganin lamba. Katin ya yi abin da aka ce zai yi. Masu bugun Emil suka riƙa zuwa suna komawa kamar masu ɗiban ruwa da kwando. Hankaki kuwa suka buɗe wuta tun zagaye na biyu. Kafin a kai na bakwai ci goma ne da nema, sauran tebura duk sun dakata, an zagaye su ana kallo cikin jin nauyi.

A zagaye na takwas mai gudun Rudy ya kai zangon farko. Rudy ya tattara 'ya'yan lidon a tafinsa, ya yi jim, bai jefa ba.

"Zan saci zango," ya ce.

"Rudy, ka ji tsoron Allah," in ji Gino.

"Ban yarda da shi ba. Da sauran zagaye biyu."

Jini ya hau fuskar Emil, fuskar da ta yi watanni kamar toka. Ya daki teburin da tafin hannu har kula ta yi ƙara. Ya kira Rudy ɓarawo ɗan ɓarawo, ya ce tun a masana'anta shi ke sace wa mutane nama daga cikin burodi, ya ce kakansa ma da akuyar sata ya hau jirgin ruwa ya zo ƙasar nan. Tari ya sarƙe shi, Bernadette ta taso, ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya jawo katin mai cafewarsa ya ajiye kusa da na mai gudun Rudy.

"Jefa, marar kunya. Mu ga ko za ka kai."

Rudy ya jefa. 'Ya'yan lidon suka gangara suka tsaya a gindin kula. Ya sunkuya zai karanta, ya goge ido da bayan hannu, ya sake sunkuyawa, ya kasa. Hawayen ya ƙi tsayawa, yana ɗiga har kan tebur.

Emil ya jawo katunan biyu gabansa, ya duba lambar, ya duba katin, ya sake dubawa a tsanake kamar yadda ya saba.

"Ya kai," ya ce. "Da taku guda. Allah ya isa, Rudy."

Ya tura masa 'ya'yan lidon, ya gyara farin katin da ya zame daga saman ɗaurinsa, sannan ya ɗaga kai wajen matakala ya tambaya ko matar Gino ta rage pirogin nan, a sauko masa da biyu, masu albasa.